Saƙon da Bai Sami Surayya Ba

Jelani na tsakiyar cin ƙosai, hannunsa duk mai, aka yi sallama a ƙofar ofishin ƙungiyar manoman albasa ta Albarkar Fadama, a bakin kasuwar Goronyo.

Wadda ta shigo doguwa ce, da hijabi ruwan toka da jakar laftof a kafaɗa. Ta riƙo wata tsohuwar waya mai madannai da yatsu biyu, kamar wadda ta kamo kunama.

"Wa ka kula da kwamfutar ƙungiyar ga?"

"Ni na," in ji Jelani. Ya nemi abin goge hannu bai samu ba, sai ya ɓoye hannun a ƙarƙashin tebur.

"Sunana Surayya, ɗiyar Alhaji Maccido na Wurno. Saurara ka ji." Ta danna wayar ta karanto masa:

"Alhaji Maccido, ruwa ya iso gonarka. Komi lahiya lau."

Ta sake dannawa, ta karanto wani irinsa. Ta sake, haka dai.

"Mako guda wayar Baba na gaya mai komi lahiya lau. Yaron gonarmu ya tahi biki, Baba na zaure shina ba ɗalibai karatu, ya dogara da saƙonku. Jiya yat tahi gona yat tarar ƙasa ta tsage, albasa ta kwanta. Ko ɗigon ruwa bai je ba."

Ya kamata Jelani ya ji tsoro, kuma ya ji. Amma rabin hankalinsa na kan yadda girarta ke haɗewa idan ta zo kan kalmar "lahiya".

Jelani ɗan manoma ne daga Kagara. Da ya gama karatun kwamfuta ya dawo gida, ƙungiyar ta ɗauke shi ya rubuta musu manhajar ban ruwa. Suna da babban famfo mai aiki da hasken rana wanda ke tura ruwa cikin magudana, gona bayan gona, kuma a bakin kowace magudana akwai ma'aunin ruwa. Ya raba manhajar sashe uku: wani na karanta ma'auni, wani na lissafin wanda layi ya zo kansa, wani na aika wa manoma saƙo. Har ranar nan yana alfahari da ita.

Surayya ba ta jira an ba ta kujera ba. Ta ja benci ta zauna gaban kwamfutarsa, ta ce ya buɗe sashen farko. Ita ma karatun kwamfuta ta yi, tana koyar da shi a wata sakandaren 'yan mata a Rabah. Ta bi layukan da ido, ta tsaya, ta ɗora yatsa a kan gilashin.

"Mi nika gani nan?"

"Tarkon kama kuskure na."

"Na ga tarko. Ka haƙa rami guda, duk kuskuren da yaf faɗa ciki ka rufe shi da ƙasa, ka ce a aika komi lahiya. In ma'auni ya mutu, komi lahiya. In babu sabis, komi lahiya. In an sace famfon ɗungum fa?"

Jelani ya sunkuyar da kai. "Komi lahiya."

Ya yi ƙoƙarin kare kansa. Da farko, duk lokacin da wani abu ya lalace, jan rubutu na cika fuskar kwamfutar. Shugaban ƙungiya, Alhaji Halliru, ya shigo wata rana ya gani, ya ce ba don ya riƙa ganin jini a ofis ya sayi kwamfuta ba, kada ya ƙara ganin ja. Jelani kuwa mutum ne da ba ya son ɓacin ran kowa. Sai ya kawar da jan gaba ɗaya.

"Ai ba ka kashe kuskuren ba," in ji ta. "Bakinai kad ɗaure."

Da aka je aka duba, akuya ce ta tauna wayar ma'aunin. A wannan makon kuma yashi ya toshe magudanar Alhaji Maccido, wayar ma'aunin da zai faɗa tana cikin cikin akuya. Albasar da aka iya cetowa ba ta kai rabi ba.

Alhaji Halliru ya tafi Wurno da kansa ya ba da haƙuri, ya kuma roƙi a bar Surayya ta riƙa zuwa Asabar da Lahadi su gyara manhajar tare. Alhaji Maccido ya yarda da sharaɗin ƙofar ofis ta zauna a buɗe. Daga ranar Jelani ya sayi sabulu da tawul ya ajiye a ofis.

Gyaran farko na Surayya ne ita kaɗai. Ta ce ya matsa, ya riga ya yi nasa. Ta cire ramin, ta sa duk kuskuren da ya faru a sanar da kowa nan take.

Ranar kasuwa da hantsi sabis ya ɗauke na ɗan lokaci, kamar yadda ya saba. Wayar duk wani ɗan ƙungiya ta yi ƙara:

"HATTARA. Ba a san matsayin ruwa ba. A ɗauki mataki."

Mutanen da ke zaune a ƙasan madatsar ruwa ta Goronyo ba sa wasa da kalmar ruwa idan ta zo tare da hattara. Ba wanda ya tsaya tuna cewa tsakiyar rani ake. Masu albasa suka bar buhuna a buɗe. Wani ya kora jakinsa da awakinsa ya hau tudu, ya bar matarsa tana ɗaure tukwane. Mai shayin bakin tasha ya gudu da butarsa tana tafasa. Shi kansa Alhaji Halliru a saman rumbun albasa aka same shi, rungume da takalmansa, kuma sai da aka kawo tsani.

Da yamma Jelani ya tarar da Surayya a ofis ta rufe fuska da tafin hannu. Ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin. Ya yi iya ƙoƙarinsa, amma dariyar ta fi ƙarfinsa. Ta ɗago za ta yi faɗa, ita ma ta kubce mata.

"Ni albasar mutum guda nik kashe," in ji shi. "Ke kin tashi kasuwa."

"Ka bari, don Allah."

"Ban bari, Malama Hattara."

"To, Malam Komi Lahiya."

A ranar suka fara aiki tare da gaske. Suka yi ta gardama kan kowane kuskure, ɗaya bayan ɗaya. Jelani ya ce idan sabis ya ɗauke, manhajar ta dakata kaɗan ta sake gwadawa kafin ta damu kowa, domin sabis ɗin yankin kamar baƙon kunya yake, yana leƙowa ya koma. Surayya ta yarda, amma ta ce kada ta yi ta gwadawa har abada, in ta gaza ta faɗa. Ƙananan matsaloli su tsaya a wayar Jelani. Wanda ya shafi gonar mutum kuwa a gaya wa mai gonar shi kaɗai, da Hausar da zai gane: abin da ya faru, abin da ba a sani ba, da abin da zai yi. In sashe ɗaya ya faɗi, kada ya ja sauran su faɗi tare.

Hanyar gwajinsu ita ce ɓarna. Surayya ta zare wayar ma'auni, Jelani ya kashe sabis, su zuba wa manhajar shirme a wurin lamba, sannan su zuba ido su ga abin da za ta ce. Ran da ta rubuto "Ma'aunin gonarka bai amsa ba tun sahe. Ba mu san ko ruwa ya iso ba. Don Allah a je a duba da ido," sai da Jelani ya aika aka sayo lemo.

Saƙonninsu na waya ma suka canza. Da farko duk na aiki ne. Daga baya sai a ga irin wannan:

"Malama Hattara, kin isa Rabah lahiya?"

"Na isa. Kada ka tambaye ni lahiya, kai ba ka san ma'anarta ba."

"To ki koya mani."

"Ranar Asabar. Ka zo da ƙosai, ka wanke hannu."

Wata Lahadi tana haɗa jakarta, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza makullin babur.

"Suri."

Ta ɗago. Bai taɓa kiranta haka ba.

"Akwai matsala. Ta shahe ki, don haka ke kaɗai zan gaya ma. Ina sonki. Ban san ko kina sona ba. Abin da ya kamata a yi kuma, ban sani ba."

Ta sunkuyar da kai tana gyara zif ɗin da ba abin da ya same shi. "Saƙon bai cika ba. Dole a hwaɗi abin da za a yi."

"In turo kawuna Wurno?"

"Ka gani, ashe ka sani," ta ce, ta wuce shi da sauri, murmushi na neman tona mata asiri.

Kawun Jelani ya sa babbar riga ya tafi Wurno. Ya dawo rigar a saɓe a kafaɗa.

Alhaji Maccido malami ne, ɗan gidan malamai, ba ya ɗaga murya. Ya karɓi kawun da mutunci, ya sa aka kawo fura, sannan ya ce ba albasar ce ta dame shi ba, albasa ta Allah ce. "Amma mutumin da ba shi iya buɗa baki shi ce abu ya ɓaci, yaya za ni ba shi ɗiyata? Ran da ta kwanta ciwo, saƙo za ni gani, komi lahiya lau."

Kuma akwai wani a layi. Alhaji Abubakar, abokin Alhaji Maccido mai shagon iri da taki a Sakkwato, yana nema wa ɗansa Nabil. Nabil na da mota fara, da turaren da ke riga shi shiga zaure. Jelani ya taɓa ganinsa sau ɗaya, ya yi ta neman abin ƙi a jikinsa bai samu ba, abin da ya ƙara ɓata masa rai.

Aikin da ya rage musu a manhajar guda ne. Manoma da yawa wayarsu na mutuwa a gona, don haka Surayya ta kawo shawarar kowa ya ba da lamba ta biyu. In an gwada ta farko an gaza, a miƙa saƙon ga ta biyu da bayani. Ta kuma sa manhajar ta ƙi karɓar sunan duk wanda bai ba da lamba ta biyu ba. Don gwaji suka sa sunayensu su biyu a ciki, kowa ya cike nasa.

Wata Laraba da rana Jelani na zaune shi kaɗai, zuciyarsa a cike, katin wayarsa kuma ya ƙare. Ya dubi kwamfuta. Ya ce wa kansa ai ko ba komai sashen aika saƙo na bukatar gwaji. Ya zaɓi sunan Surayya, ya rubuta abin da ke ransa, ya aika.

Bai tuna cewa ran Laraba tana aji har la'asar, wayarta a kashe cikin jaka ba.

Manhajar ta gwada, ta dakata, ta sake gwadawa, kamar yadda suka koya mata. Can wayar Jelani ta yi ƙara:

"Saƙonka bai sami Surayya ba, wayarta a kashe take. An miƙa shi ga lambarta ta biyu, Alhaji Maccido. Ya shiga. Babu abin da ya rage ka yi."

Jelani ya karanta. Ya tashi tsaye, ya zauna, ya sake tashi.

Abin da ya faru a Wurno a wannan lokacin, daga baya ya ji shi daga bakin mutane da yawa, kuma duk bakinsu ɗaya. Alhaji Maccido na zaure da Alhaji Abubakar da Nabil da wasu dattawa, an zo ƙara gaisawa. Waya ta yi ƙara. Tabaraunsa na cikin gida, sai ya miƙa wa Nabil. "Karanta mani, ɗana. Na ƙungiyar ruwa na."

Nabil ya gyara murya ya fara:

"Alhaji Maccido, wanga saƙo na Surayya na. Ba a same ta ba, kai kuma ka lambarta ta biyu. Don Allah a isar mata. Ga shi: Suri, sanyin idona. Tun da Baba yac ce a'a, ƙosai ya bar yi mani daɗi."

Nabil ya tsaya. Alhaji Maccido ya ce, "Ci gaba."

"Ban ga laihinai ba. Ni ma da ɗiyata ta, ban ba wanda yak kashe mani albasa. Ko da yake, tsakanina da ke, irin da anka sayar ma Baba bana tsoho na, ko da ruwa rabinai ba shi yin kai. Kada ki hwaɗa mai."

Alhaji Abubakar ya ajiye kofin furarsa. Shi ya sayar da irin.

"Ci gaba," in ji Alhaji Maccido.

"Na san Nabil na da mota. Ni babur gare ni, shi ma na kawuna na. Kuma yaron kirki na, na bincika, abin haushi. Amma ba shi san yadda kika haɗe gira in kin ga kuskure ba, ba shi san kina tsoron ƙadangare ba. In Baba ya ba ni ke, zan yi ta ba gonatai ruwa da bokiti har in tsuhwa. Ki bar ce mani ba komi, na san kina kuka in kin aje waya. Naki har kullum, Jelani."

Aka ce Nabil ya miƙa wa Alhaji Maccido wayarsa da hannu biyu.

A Goronyo kuwa abin da ya fara zuwa wa Jelani shi ne ya kashe waya ya tafi Kagara, ya kwanta a ɗakin innarsa har a manta da shi. Har ya ɗauki makulli. Sai ya tsaya yana kallon saƙon da ke cewa babu abin da ya rage ya yi. Shi ya rubuta wannan layin da hannunsa, kuma a karon nan ƙarya ne. Ya tayar da babur ya nufi Wurno.

Saurin da yake yi ya sa bai ga inda ruwan wata gona ya malalo kan hanya ba. Babur ya tafi gabas, shi ya tafi yamma, ya sauka a cikin laka. Haka ya isa ƙofar gidan Alhaji Maccido, takalmi ƙafa ɗaya, rabin fuskarsa baƙa, ganyen albasa maƙale a hularsa.

Baƙin ba su tafi ba, domin gardamar iri ta riƙe su. Jelani ya yi sallama ya durƙusa a bakin tabarma.

Alhaji Maccido ya dube shi daga sama har ƙasa. "Ina wuni?"

"Lahiya l..." Jelani ya haɗiye sauran. "A'a, Baba. Ban wuni lahiya ba."

Wani dattijo ya leƙo ta saman tabaraunsa.

"Ina gajiya?" in ji Alhaji Maccido.

"Akwai ta, Baba, da yawa."

"Yaya hanya?"

"Na hwaɗi. Gwiwata ta goge, fitilar babur ta hwashe, kuma ba nawa ba na."

"Mutanen gida fa?"

"Inna na fama da ciwon baya. Sauran ban sani ba, ban kira ba."

Dattijon nan ya kai hannun riga baki, kafaɗunsa na rawa. A tsawon rayuwarsa bai taɓa jin wanda ya amsa gaisuwa da gaskiya ba.

"To mi ka tahe da kai?" in ji Alhaji Maccido.

"Baba, na yi amfani da kayan ƙungiya na aika saƙon da bai kamata ba. Laihina na ni kaɗai, Surayya ba ta san da shi ba, tana aji. Na kunyata ta, na kunyata ku gaban baƙi. Abin da nir rubuta kuma ban iya janye shi, don haka zuciyata take. Zan gaya ma Alhaji Halliru da bakina. Ban san abin da za ku yanke ba."

"Maganar iri fa?" in ji Alhaji Abubakar, murya a sama.

Jelani ya dubi ƙasa. "Alhaji, ka yi haƙuri. Tsoho na."

Alhaji Maccido bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya ce a kawo wa yaron buta da sabulu, in ya wanke ya koma gida kafin magariba.

Yana wanke ƙafa a waje sai ga Nabil. Jelani ya miƙe, yana jiran abin da zai biyo baya.

"Ka rubuta ƙadangare babu lanƙwasa a kan k ɗin," in ji Nabil. "Na gyara maka da nika karantawa." Ya dube shi. "Da gaske tana kuka?"

"Da gaske."

Nabil ya gyaɗa kai, ya shiga mota. Bai ƙara zuwa zance ba. Alhaji Maccido da Alhaji Abubakar kuwa sun jima ba su gaisa da kyau ba, kuma kowa ya san a kan iri ne.

Surayya ce ta fi wuya. Ta kunna waya ta tarar duk ƙawayenta na Wurno sun san tana tsoron ƙadangare. Saƙo ɗaya ta aiko masa:

"Da gangan kay yi, don ka tilasta ma Baba. Kada ka kira ni."

Bai kira ba. Ya rubuta mata sau ɗaya, da katinsa:

"Ba da gangan ba na, amma ni niy yi. Ina nan in kin huce. In ba ki huce ba ma ina nan."

Asabar ta zo ba ta zo ba. Wata ta sake zuwa, benci babu kowa. Alhaji Halliru ya yi masa faɗa sosai, sannan ya rage murya ya tambaye shi ko za a iya rubuta wa uwargidansa irin wannan saƙon.

Ana cikin haka, lokacin da albasa ke ɗaura kai, lokacin da ƙishin kwana kaɗan ke iya lalata aikin shekara, babban famfon ƙungiya ya ƙone da sassafe. Sashen karanta ma'auni ya ga ruwa ya tsaya, ya gwada ya tabbatar, sauran sassan suka ci gaba da aikinsu. Kafin rana ta yi zafi saƙo ya shiga wayar Alhaji Maccido, kuma a wannan karon ya sa tabarau ya karanta da kansa:

"Alhaji Maccido, babban famfo ya lalace yau da sahe. Ruwa ba shi zuwa gonarka yau. Ba mu san ranar da za a gyara ba. Albasarka na bukatar ruwa kahin gobe da yamma. A nemi injin haya. Mu ma muna nema."

Ya aika aka ɗauko inji tun kafin masu haya su gane ana rububinsu. Da ya isa gonar da la'asar don ya gani da idonsa, sai ya hango Jelani a can ƙarshen fadama, inda tiyon injin bai kai ba, wando naɗe har gwiwa, yana ɗiban ruwa da bokiti yana zuba wa kunya-kunya. Ya daɗe tsaye yana kallo. Sannan ya juya ya koma gida.

Da yamma wayar Jelani ta yi ƙara. Surayya ce.

"Jelani."

"Na'am, Suri."

"Na tuna wani abu. Ni nis sa lambar Baba. Manhajar ta ƙi karɓar sunana babu lamba ta biyu, kuma ni nir rubuta mata ta ƙi."

"Na sani."

"Ka sani ba ka hwaɗa ba?"

"Ba ke kika aika saƙon ba."

Ya ji tana jan hanci. "Baba ya ce kawunka shi dawo. Ya ce kuma a cire lambatai daga sunana yau ɗin nan, ba shi son ƙarin labari."

Jelani ya zauna a bakin kunyar albasa.

"Kana ji na, abin sona?"

"Sake hwaɗi. Sabis ya ɗauke."

"Ƙarya kaka yi."

"Ƙarya nika yi. Amma sake hwaɗi."

Bayan an cire albasa an zuba a rumbu, aka ɗaura auren Jelani da Surayya a ƙofar gidan Alhaji Maccido a Wurno. Manoman ƙungiya suka zo mota-mota daga Goronyo da Kagara, malaman makarantarta suka zo daga Rabah. Alhaji Abubakar ma ya zo, ya zauna a sahun gaba, shi da uban amarya suka yi musabaha mai tsawo. Da liman ya shafa fatiha, Alhaji Maccido ya kira ango gefe, ya riƙe hannunsa da hannu biyu.

"Na ba ka ita, ɗana. Tana da faɗa, ga uwarta ta gado, amma zuciyarta fara ta. Allah shi ba ku zaman lahiya, shi ba ku zuri'a ta gari, shi sa ku tsuhwa tare."

Jelani ya durƙusa yana ta gyaɗa kai. Amin ɗin ma sai kawunsa ne ya amsa masa.

Bayan magariba aka kawo amarya Kagara. Tsofaffi suka yi nasiharsu suka fita, ƙawaye suka karɓi abin sayen baki suka watse. Jelani ya shigo da ledar kaza a hannu. Ta miƙe daga bakin gado, fuskarta lulluɓe, lalle har wuyan hannu. Ya matso kusa. Ya ji tana son faɗin wani abu, ya sunkuyo don kada kalma ɗaya ta wuce shi.

"Jelani," ta ce a hankali.

"Na'am, amaryata."

"Ka taka mani mayafi."

Ya ja da baya da sauri har ya kusa zama a kan kazar. Dariyarta ta fito daga ƙarƙashin lulluɓin, tasa ta biyo, har innarsa ta jiyo su daga tsakar gida. Tsohuwar ta ajiye tasbaharta a cinya, ta ɗaga hannu sama ta ce Allah shi bar su haka, shi tsare su daga bakin duniya, shi cika ɗakin da 'ya'ya. Matan da ke zaune tare da ita suka amsa da amin.